WAKEN GIDA DA WAKEN KASUWA: SHIN ABINCIN "OGANIK" YA CI KUƊINSA?



Wani matashi ɗan garin nan na Zuru, wanda aiki ya kai Abuja, ya zo ganin gida, sai ya biyo mu gaisa bayan La'asar. Da muka gama gaisawa ya gyara zama ya ce, "Malam, akwai abin da ya tsaya mini a rai. A can inda muke akwai kantunan da ke sayar da abincin da suke kira oganik, wai ba a sa masa takin zamani ba, ba a yi masa feshi ba. Kuɗinsa ya fi na kasuwa nesa ba kusa ba. Maiɗakina ta ce shi za mu riƙa saya saboda yara. Ni kuma ina duba albashina, ina duba iyayena da ƙannena a nan gida. In na saya, almubazzaranci na yi? In ban saya ba, na ci amanar 'ya'yana?"

Tambayar ta yi mini daɗi, don tambayar mai tsoron Allah ce. Na ba shi amsa a taƙaice, amma na ga ya dace in faɗaɗa ta, saboda ta shafi manomi, ta shafi ɗan kasuwa, ta shafi duk wanda ke sa loma a baki.

MENE NE OGANIK ƊIN?

A Turai da Amurka, oganik suna ne na doka. Manomi zai bar takin kamfani da yawancin magungunan feshi, ya koma takin dabbobi da sauya shuka, masu bincike su zo su duba gonarsa, ya biya kuɗi, a ba shi takardar shaida. Wani ɓangare na tsadar da kake gani kuɗin wannan takarda ne, wani kuma saboda amfanin gonar ya kan ragu. Nazarce-nazarcen da aka tattara daga ƙasashe da dama sun nuna cewa, a matsakaici, gonar oganik tana ba da ƙasa da gonar zamani da wajen kashi 20 zuwa 25 cikin 100. Kuma kada a ɗauka ba sa feshi sam. Suna yi, sai dai da abubuwan da dokarsu ta yarda da su, irin su man darbejiya.

To mu nan ƙasar Zuru, ai wannan ba baƙon abu ba ne. Kakanninmu da suka nome duwatsun nan, samarin Lelna da suka yi shekaru suna golmo a gonakin surukai, da me suka yi noma? Da fartanya, da takin shanu, da shara da tokar gida. Bayan kaka Bafulatani ya sauka a gona da garkensa, shanu su ci kara su bar taki, kowa ya amfana. A karkarar Kano an yi ɗaruruwan shekaru ana noma gona ɗaya ba hutu, da takin da jakuna ke ɗaukowa daga birni. Ba wanda ya kira shi oganik. Noma ne kawai.

A YI WA TAKIN ZAMANI ADALCI

'Yan uwa, akwai maganar da ke yawo cewa takin zamani guba ne, shi ya kawo cututtukan zamani duka. Musulmi ba ya yanke hukunci da ji-ta-ji-ta, ko a kan buhun taki ne.

Abin da shuka ke sha daga kashin shanu, shi take sha daga yuriya da kamfa. Saiwar dawa ba ta tambayar daga ina sinadarin ya fito. Bambancin yana ga ƙasar: takin gida yana gina jikinta, ya sa ta riƙe ruwa, shi kuwa na kamfani yana ciyar da shukar bana kawai. Shi ya sa gonar da aka daɗe ana zuba wa na kamfani zalla take gajiya. Masana noma suna cewa a haɗa biyun, kuma tsofaffin manomanmu sun riga su gane haka.

A 1909 ne wani Bajamushe mai suna Fritz Haber ya gano hanyar ciro sinadarin taki daga iska. Yau masana sun ƙiyasta cewa kusan rabin mutanen duniya suna rayuwa ne da abincin da wannan taki ya taimaka aka noma. Mu kuwa a Afirka ƙarancinsa ne matsalarmu. Lokacin da shugabannin nahiyar suka taru a Abuja a 2006 kan batun taki, matsakaicin abin da manominmu ke zubawa wajen kilo 8 ne a hekta, suka sa burin a kai kilo 50. Ka ga ke nan cutar mai ƙoshi daban, cutar mai yunwa daban, bai kamata su sha magani ɗaya ba.

Akwai ƙasar da ta gwada. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Sri Lanka, ƙarƙashin Gotabaya Rajapaksa, ta hana shigo da takin zamani dare ɗaya, ta ce ƙasar duka ta koma oganik. Shinkafa ta faɗi, ganyen shayin da suke samun kuɗin waje da shi ya faɗi, ƙasar da ke ci da kanta ta koma sayo shinkafa. Kafin shekarar ta ƙare sun janye dokar, amma an riga an yi ɓarna. A watan Yulin 2022 shugaban ya gudu ya bar ƙasar. Ba takin kaɗai ya kayar da shi ba, akwai bashi da sauran matsaloli, amma talakan da ya rasa shinkafa shi ya fara ɗanɗana kuɗar wannan shawara.

Game da gina jiki kuma, a 2012 masu bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka sun tattara nazari 237 suka duba. Ba su sami ƙwaƙƙwarar hujja cewa abincin oganik ya fi ɗayan amfani a jiki ba. Abin da suka samu shi ne ragowar maganin ƙwari ta fi ƙaranci a cikinsa. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Addini ma bai ɗaure manomi a kan dabara ɗaya ba. Imamu Muslim ya kawo ƙissar mutanen Madina da barbarar dabino: sun bari saboda wata magana da Manzon Allah (SAW) ya yi, dabinon bai yi kyau ba a shekarar, sai ya mayar musu da al'amarin, ya nuna cewa irin wannan sana'ar duniya masu ita sun fi saninta. Saboda haka ba mai cewa takin shanu sunna ne, yuriya bidi'a. Abin da Shari'a ke dubawa shi ne amfani da cutarwa, gaskiya da ha'inci.

BA DUK NA ALLAH-DA-ANNABI NE LAFIYAYYE BA

Mu kan ce abu "na Allah da Annabi ne" in ba a haɗa shi da komai ba. Amma dafin maciji ma ba kamfani ya yi shi ba. Latas da kabejin da aka yi wa ban-ruwa da ruwan kwata, kamar yadda ake yi a wasu lambunan bakin Jakara a Kano, ko da ba su taɓa ganin takin zamani ba suna iya kwantar da gida guda. Ɗanyen kashin kaji da aka zuba wa ganyen da za a ci ɗanye haka yake. Gyaɗa da masarar da ba su bushe da kyau ba suna yin fumfuna mai dafi da ke lalata hanta. A 2004 irin wannan masara ta kashe mutum 125 a Kenya. Ba feshi, ba taki, danshi ne kawai.

To in ba takin zamani ba ne abin tsoro, kuma na gargajiyar ma ba shi da tabbas, ina hatsarin yake?

BUHU BIYU

Wata kaka na je sayen wake wajen wani mai awo da muka saba. Na kai hannu kan buhun da ke gaba, wake fari tas, ba huda ko ɗaya. Sai ya riƙe hannuna ya rage murya ya ce, "A'a Malam, ba wannan ba. Wannan na kasuwa ne. Bari in ɗebo maka na gida." Ya shiga ciki ya fito da wani, mai ɗan huda nan da can.

Ya yi haka ne don girmamawa, na kuma gode masa. Amma wallahi tun daga ranar maganar ba ta bar ni ba. Na kasuwa. Wane ne kasuwa? Kasuwa ita ce matar da ke tuya ƙosai a bakin makarantar firamare. Ita ce mai alala a tasha, da almajirin da zai ci ragowar wake da shinkafa. Ita ce wani gida a Ibadan ko Legas da motar za ta kai wa, waɗanda ba za ka taɓa ganin fuskarsu ba. A garin nan muna zaune da Musulmi da Kirista da masu bin gargajiya, mudu ɗaya muke awo da shi, kuma haramcin cutarwa bai ware kowa ba.

Wannan buhu biyu shi ne ainihin matsalarmu, kuma ba a ɓoye take ba. A watan Yunin 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Najeriya, saboda sinadarin dichlorvos, wato abin da ke cikin Sniper da fiya-fiya. Iyakar da suka yarda da ita miligiram 0.01 ce a kowane kilo. A wasu kayanmu an samu har 4.6, wato ninki 460. Sun yi ta ƙara wa'adin hanin shekara bayan shekara. Tambayar da ya kamata mu yi: waken da Turawa suka ƙi, wa ya ci gaba da cin irinsa? Mu ne. A 2018 aka ga hotunan wasu 'yan kasuwa a Legas suna zuba Sniper kai tsaye a kan wake, a 2019 kuma hukumar NAFDAC ta hana sayar da ƙananan kwalabensa a kasuwanni da kantuna. Amma duk mai shiga kasuwar ƙauye ya san hani a takarda daban, abin da ke kan tabarmar mai talla daban.

Ba wake kaɗai ba. Kowane maganin feshi na kirki an rubuta a jikinsa kwanakin da za a jira kafin a tsinki amfanin. Sai mutum ya fesa tumatir ko yakuwa da yamma, gobe da asuba suna cikin kwando. Wani ya nunar da mangwaro da ayaba da sinadarin masu walda. Wani ya yayyafa wa busasshen kifi maganin ƙwari don ƙuda. Ƙwayar nan da ake kira bom, wadda aka yi don a naɗe ta a ƙyalle a sa a rufaffen ma'aji nesa da mutane, sai a jefa ta tsirara cikin hatsi, a ajiye buhun a ɗakin da yara ke kwana.

Kuma wanda ya fi kowa shan dafin shi ne manomin kansa. Dubi yaron da ke goye da famfon feshi da tsakar rana, ba takunkumi, ba safar hannu, ba takalmi, maganin na zuba a bayansa. Ya gama ya ɗauraye famfon a rafin da ake sha. Galan ɗin kuma a kai gida a zuba manja ko ruwa. Maganin ciyawar nan paraquat, wanda Turai ta haramta tun 2007, NAFDAC ma ta sanar da haramta shi daga farkon 2024, ba shi da makari in ya shiga cikin mutum.

Yanzu ku tuna abin da masu binciken Stanford suka samu. Fifikon oganik yana wajen ƙarancin ragowar magani, kuma sun faɗi haka ne a ƙasashen da ake bin ƙa'ida ana gwada abinci. Ina ga inda ake auna maganin da murfin kwalba da "ƙara kaɗan don ya ji"?

ME SHARI'A TA CE?

A Suratul Baƙara, aya ta 168, Allah Ya haɗa sharaɗi biyu a kan abin da za mu ci: ya zama halal, ya zama mai kyau marar cutarwa. Mun kware a na farkon. Za mu tambayi wa ya yanka, ya ambaci sunan Allah ko bai ambata ba. Na biyun ne muka yi wa riƙon sakainar kashi.

Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa Manzon Allah (SAW) ya wuce wani mai sayar da tsibin abinci, ya cusa hannunsa ciki sai ya ji danshi. Mai kayan ya ce ruwan sama ne ya taɓa shi. Sai ya tuhume shi a kan me ya hana ya ɗora jiƙaƙƙen a sama mutane su gani, sannan ya barrantar da kansa daga mai algus. Jama'a, ruwan sama ne fa. Ruwa mai tsarki. An yi wannan tsawatarwa a kan ɓoye danshi, to ina ga ɓoye guba? Malamanmu na Malikiyya sun tabbatar cewa wajibi ne mai sayarwa ya bayyana duk abin da ya san mai saye zai ƙi in ya sani. Ma'aunin mai sauƙi ne: abin da ba za ka dafa wa 'ya'yanka ba, kada ka auna wa 'ya'yan wani.

UZURIN MANOMI, DA LAIFINMU MASU SAYE

Na san abin da manomi zai ce, kuma yana da gaskiya a ciki. Zai ce, "Malam, ƙwaro na iya cinye buhun wake cikin 'yan watanni. Bashi na ci na yi noman nan. Takin shanun da kake magana, ina shanun? Ɓarayin daji sun kore su daga Danko/Wasagu da Sakaba, wasu gonakin ma ba a iya zuwa. 'Yan ƙwadago sun yi tsada, in ban fesa maganin ciyawa ba wa zai nome mini?" Wanda bai taɓa kallon rumbunsa yana komawa gari ba kada ya yi saurin zagin mai wannan magana.

Mu masu saye ma da namu. Mu ne muke ture waken da ke da huda biyu, mu zaɓi mai sheƙi, mu taya shi ƙasa da na kowa. Mu ne muke son mangwaro ja tun lokacinsa bai yi ba. Kasuwa abin da ake saya take kawowa.

Amma uzuri yana ƙarewa inda mafita ta bayyana, kuma akwai ta. Buhun nan mai ruɓi uku da ake kira PICS, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙirƙiro aka fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, leda biyu ne a ciki da buhu a waje. A busar da wake sosai, a ɗaure kowace leda daban, iska ta ƙare, ƙwaron ya mutu ba tare da ɗigon magani ba, kuma buhun yana yin kaka fiye da ɗaya in ba a huda shi ba. Jarka ko duro mai murfin da iska ba ta shiga suna yin aikin. Iyayenmu mata sun daɗe suna adana iri da toka da barkono. Wajen gyaran ƙasa kuma, manoman Maraɗi da Damagaram sun dawo da itatuwa a miliyoyin hekta tun daga shekarun 1980, ta hanyar barin gawo da sauran tsiro su girma a gona. Gawo yana zubar da ganye da damina, ya taki ƙasa, bai kuma tare wa shuka rana ba. Ga kuma Jami'ar Noma ta Tarayya da aka kafa mana a nan Zuru a 2020, a inda Kwalejin Noma take. Ilimin yana bakin ƙofarmu. Haƙƙi ne a kan malamanta su fito ƙauyuka, haƙƙi ne a kanmu mu je mu tambaya.

AMSAR TAMBAYAR

Ga abin da na gaya wa matashin nan, shi nake gaya muku.

Kada ka tauye haƙƙin iyayenka da ƙannenka saboda wata takarda da aka manna a leda. A ƙasar da ba kowane tambari ake bincika ba, kalmar oganik tana iya zama wani sabon algus ɗin. Ba ka yi zunubi ba don ka ciyar da iyalinka shinkafa da masarar da aka noma da takin zamani. Mai wadatar da ya saya daga inda ya tabbatar, bai yi laifi ba, muddin bai mayar da abin alfahari ba, bai kuma raina tukunyar maƙwabcinsa ba.

Abin da ya ci kuɗinsa shi ne amana. In ka san manomi ko mai awon da ke adana wakensa ba magani, ko mai lambun da ke jiran kwanakin feshi su cika, ƙara masa a kan farashin kasuwa da daɗin rai, kuma ka gaya masa dalilin ƙarin. Kuɗin nan kariya ne ga gidanka, kuma ƙarfafa ne ga mai gaskiya don kada gaskiyarsa ta zame masa asara. Kai da kake da gida a Zuru, sayi wakenka da kaka, ka zuba a buhu mai ruɓi uku, ka huta.

Ka fi sa ido a inda hatsarin ya fi yawa: wake, busasshen kifi, ganye da kayan lambun da ake ci ɗanye, da 'ya'yan itacen da suka nuna ba a lokacinsu ba. Abin da ke warin magani a bar shi. Ganye a wanke shi da ruwa mai tsabta sosai. Wanki yana rage na bisa, ko da bai cire duka ba.

Kuma kada tsoro ya sa a daina ba yara ganye da kayan marmari. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar babban mutum ya ci aƙalla giram 400 a rana, yawancinmu ba ma kusa da haka. Zogale da rama da kuka da ke bayan gida ba wanda ya fesa su, ba kuma wanda zai ce ka biya kuɗin tambari.

Na koma wajen mai awon nan daga baya, muka yi magana ta fahimta. Ban ce masa ya yi asara ba. Na ce masa, "Alhaji, ka mayar da buhunan nan biyu su zama ɗaya." Ita ce nasihata ga duk manomi da ɗan kasuwar da wannan rubutu ya isa gare shi. Ranar da za a tambaye mu, ba za a ware na gida da na kasuwa ba.

Allah Ya sa albarka a gonakinmu, Ya dawo mana da zaman lafiya a ƙasar Zuru da Najeriya baki ɗaya, Ya ciyar da mu halal mai kyau, Ya tsare hannayenmu daga cutar da bayinSa.

Wallahu a'alam. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.